Mantuwa da ciwon baifola: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato mantuwar da ke damun masu ciwon baifola. Ga wanda bai san shi ba, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke jefa mutum tsakanin yanayi biyu. Akwai lokacin tashi, wanda likitoci ke kira maniya, inda barci ke ƙauracewa, surutu da ɓarnar kuɗi da ganganci su yi yawa. Akwai kuma lokacin faɗuwa, wato damuwa mai nauyi da mutuwar jiki. A tsakaninsu mutum kan yi watanni ko shekaru yana zaune lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke fama da shi. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunayen masu su. Sunayen magunguna kuwa yawanci mun bar su yadda za ku gan su a jikin kwali, don kada a samu ruɗani.

Likita, shekara guda ke nan rabona da tashin ciwon, kuma ina shan magani ba fashi. Amma sai a gaya mini magana da safe, kafin rana in nema in rasa. Nakan shiga ɗaki in tsaya ban san abin da ya kawo ni ba. Ciwon ne, ko sakarci ne ya same ni?

Malama, cire maganar sakarci daga ranki. Abin da kika kwatanta sananne ne. Idan aka yi wa masu baifola gwajin ƙwaƙwalwa a lokacin da suke zaune lafiya, ana samun rauni a wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Sauran kuma gwajinsu bai bambanta da na kowa ba, don haka ba kowane mai ciwon ne ke samun wannan matsala ba.

Tunawa aiki ne mai hawa uku. Na farko abu ya shiga, na biyu a adana shi, na uku a ɗauko shi lokacin da ake buƙata. A ciwon baifola galibi a hawa na farko da na uku gizo ke saƙa. Hankali ba ya tsayawa sosai a kan maganar da ake yi, ko kuma ƙwaƙwalwa tana sarrafa ta a hankali, kafin ta gama da jimla ta farko mai magana ya kai ta uku. Abin da bai shiga da kyau ba kuwa babu yadda za a yi a same shi daga baya. Akwai hanyar da za ki gane inda taki matsalar take. Idan aka ɗan tuna miki sai ki ce "af, haka ne fa", to maganar tana nan a ajiye, ɗaukowa ce ke wahala. Idan kuma ko an tuna miki ba ki ji alamar kin taɓa jin ta ba, ki duba abin da kike yi lokacin da aka faɗa miki. Sau da yawa za ki tarar hannunki na kan waya, ko kina cikin tunani, ko daren jiya ba ki samu barci ba.

Wuraren da aka fi samun rauni su ne riƙe maganar da aka ji ko aka karanta, saurin fahimta, tsayar da hankali na tsawon lokaci, da tsara aiki mai matakai. Tsohon ilimi, sana'ar hannu, yare da sanin 'yan'uwa duk suna nan daram.

Abu ɗaya da muke so ki bincika da gaske shi ne ko damuwa ta tafi gaba ɗaya. Mutane da yawa sukan ce sun warke don sun daina kuka kuma sun koma aiki, alhali akwai sauran kasala, rashin sha'awar komai da tunanin da ke juyawa wuri ɗaya. Wannan ɗan saura kaɗai ya isa ya jawo mantuwa. Shi ya sa ƙorafin mutum da sakamakon gwajinsa ba sa zuwa daidai kullum: wani yana kukan mantuwa ƙwarai amma gwaji ya nuna lafiya, damuwa ce ke cinsa, wani kuma ba ya ƙorafi sam, iyalinsa ne ke ganin ɓarnar.

Kafin ki koma asibiti, ki yi mako biyu kina rubuta abu huɗu kullum: awa nawa kika yi barci, yanayin ranki daga 0 zuwa 10, lokacin da kika sha kowane magani, da ainihin abin da kika manta. Ki kai wa likitanki takardar, ki nemi a yi miki gwajin ƙwaƙwalwa. Akwai wani gajere mai suna SCIP da ke ɗaukar kamar minti 15, da takardar tambayoyi 16 mai suna COBRA da aka tsara musamman don masu baifola. Gwajin da aka saba yi wa tsofaffi, na tambayar kwanan wata da maimaita kalmomi uku, ya yi sauƙi da yawa ga mai ƙuruciya. Za ki iya cinye shi duka alhali matsalar tana nan. Kuma a yi gwajin lokacin da rai ya kwanta, domin na tsakiyar tashi ko faɗuwa ba ya nuna ainihin matsayin mutum.

Tun da aka ɗora ni a kan litiyam kaina ya yi nauyi, kalma tana bakina amma ba ta fitowa. Na yanke shawarar in daina sha na wata ɗaya in gani. Me kuka ce?

Malam, don Allah kada ka yi haka. Ana gudun gara ne a faɗa gidan zago. Dakatar da litiyam (lithium, maganin daidaita yanayi da ke hana ciwon tashi) farat ɗaya yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin dawo da maniya, sau da yawa cikin 'yan makonni ko watanni, kuma haɗarin mutum ya kashe kansa yana ƙaruwa a wannan tsakanin. Ko likita ne ya ga dacewar a daina, ana rage shi sannu a hankali ne cikin aƙalla mako huɗu, wani lokaci har wata uku.

Ƙorafinka kuma ba ma watsar da shi. Litiyam yakan ɗan rage saurin tunani da na hannu, yakan kuma ɗan taɓa riƙe kalmomi. A yawancin mutane tasirin kaɗan ne idan ma'aunin maganin a jini yana daidai. Saboda haka idan nauyin kai ya yi yawa, akwai abubuwan da ake bi ɗaya bayan ɗaya.

A fara da awon litiyam a jini. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan maganin ƙarshe, wato idan ka sha da ƙarfe 9 na dare, a ɗiba da 9 na safe kafin ka sha wani. Idan aka ɗiba da wuri lambar za ta fito sama da gaskiya, idan aka makara ta fito ƙasa, sai a canza maka magani bisa kuskure. Ga yawancin manya ana son ta tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 milimol a kowace lita. Wanda yake kan 1.0 kuma ciwonsa ya daɗe a kwance, sau da yawa ɗan ragi kaɗan yana sa kansa ya washe. Bayan kowane canji ana sake awo bayan kamar mako guda.

Sai tayirod, wani ɗan ƙulli da ke gaban wuya wanda ke daidaita saurin aikin jiki. Litiyam yakan rage masa ƙarfi, musamman ga mata. Alamunsa su ne jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, taurin bayan gida, kasala da mantuwa, kuma saboda sun yi kama da na damuwa ana yawan kuskure su. Gwajin jini ne ke rabewa, maganinsa kuma ƙwaya ɗaya ce a rana ta levothyroxine ba tare da an taɓa litiyam ba. Ƙa'ida ita ce a duba tayirod da ƙoda da sinadarin kalsiyam duk wata shida. Idan an daɗe ba a yi maka ba, kai ka tuna musu. Tunda za a ɗibi jinin, a haɗa da bitamin B12, suga da yawan jini.

Daga nan a zube dukkan magungunan da kake sha a kan tebur, har da waɗanda ka saya da kanka. A nan ne aka fi kama mai laifin. Magungunan barci da kwantar da hankali irin su diazepam, lorazepam, clonazepam da zolpidem suna hana sabon abu zama a ƙwaƙwalwa kai tsaye. Su ma ba a yanke su rana ɗaya, don yankewar tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Trihexyphenidyl, wanda aka fi sani da Artane kuma ake bayarwa don rawar jiki, yana toshe sinadarin asitilkolin da ƙwaƙwalwa ke koyo da shi. Haka amitriptyline, da magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci kamar chlorpheniramine da promethazine. Olanzapine da quetiapine suna da ɗan wannan hali, ga kuma nauyin barci da suke bari da safe, wanda wani lokaci shan su da wuri da daddare ke ragewa. Topiramate ya yi suna wajen sa kalma ta maƙale a baki. Valproate kan tara sinadarin amoniya a jini ya ruɗa mutum ko da gwajin hanta ya fito lafiya, carbamazepine kuma kan rage gishirin jini. Kowannensu shi kaɗai mai yiwuwa bai kai ya kawo ba, amma uku ko huɗu a haɗe suna iya mayar da mai kaifin basira kamar wanda bai farka ba.

Ga mata masu karanta wannan amsa: idan ana maganar sauya magani, valproate yana da haɗari babba ga ɗan da ke ciki. Kusan ɗaya cikin goma na jariran kan zo da nakasa, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kuma su samu matsalar koyo da girma. Duk wadda za ta iya ɗaukar ciki ta tayar da wannan magana da likitanta.

Akwai kuma yanayin da ba ya jiran ranar asibiti. Idan mai shan litiyam ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, hannunsa na karkarwa sosai, yana amai ko gudawa, yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, to maganin ya yi yawa a jini. Daga 1.5 zuwa sama guba ce. A tsayar da shan sa a kai shi asibiti nan take. Abin da ke jawo haka yawanci bushewar jiki ce daga zazzaɓi, gudawa ko gumi mai yawa, ko haɗa shi da maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ko wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari. Dalili kuwa shi ne ƙoda ce kaɗai ke fitar da litiyam, duk abin da ya sa ta riƙe gishiri sai ta riƙe shi tare. Ga ciwon kai ko na jiki, paracetamol ya fi aminci.

Mijina ya yi wata biyu cikin tashin ciwon. Ya ci bashi, ya zagi 'yan'uwana, ya faɗa mini maganganun da har yau suna ci mini rai. Yanzu ya ce rabin abin ba ya tunawa. Gaskiya ne, ko kunya ce ta sa yake fakewa?

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Abin da ya faɗa yana faruwa, kuma ba baƙon abu ba ne. A maniya mai tsanani hankali ba ya tsayawa a kan abu ɗaya ko na minti guda, don haka abubuwa da yawa ba sa shiga tun farko. Ga rashin barci: a cikin barci ne wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus ke tabbatar da abin da aka gani da rana, mutumin da ke kwana awa biyu ko uku na makonni kuwa ya rasa wannan aiki. Idan ya kai ga jin muryoyi ko yarda da abin da babu shi, ko an yi masa allurar kwantarwa a asibiti, ko ya sha giya ko wiwi a lokacin, giɓin zai ƙara faɗi. Abin da kan rage masa gutsattsari ne, wani wuri a fili, wani wuri duhu, ba a jere ba. Kunya ma tana iya kasancewa a ciki, ɗaya ba ta kore ɗaya.

Rashin tunawarsa bai goge ciwon da kika ji ba, kuma kina da haƙƙin a saurare ki. Sai dai titsiye shi da "dole ka tuna" ba zai dawo da abin da ba a adana ba. Ki sani kuma bayan maniya sau da yawa damuwa ce ke biyowa, kuma lokaci ne da nadama ke iya kai mutum ga tunanin kashe kansa. Ki bari ya samu 'yan makonni a natse, sannan a zauna sau ɗaya, in da hali a gaban likitansa ko wani babba da ku biyu kuka amince da shi. A faɗi abin da ya faru a jere ba tare da ƙari ba, a rubuta basussuka da alƙawuran da ya ɗauka, a tsara yadda za a warware su.

A wannan zaman ne ya kamata ku rubuta yarjejeniya tun yana cikin hayyacinsa: alamun farko da kika lura da su, wa za a kira, wa zai riƙe katin banki da makullin mota idan abin ya motsa. Alamar da ta fi saurin fallasa tashin ciwon ita ce ya kwana biyu a jere yana barci kaɗan amma ya tashi garau ba gajiya. Kuma ki rubuta wa likita tarihin wata biyun nan, domin shi ba zai iya bayarwa ba. Muna matsa wa wannan ne saboda an lura waɗanda maniya ta fi yawan kamawa su ne suka fi raunin riƙe magana daga baya. Hana tashi na gaba yana daga cikin kariyar ƙwaƙwalwarsa.

Mahaifinmu yana da shekara 67, yana da ciwon tun yana saurayi. A bana ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar. Gigin tsufa ne ya fara?

Malam, mai yiwuwa ne, domin masu baifola sun fi sauran mutane haɗarin gigin tsufa. Amma kada a yanke hukunci kafin a kawar da abubuwan da ke warkewa.

Tambayar farko ita ce saurin zuwan abin. Rikicewar da ta zo cikin awanni ko kwanaki, tana lafawa tana tashi, ta fi tsananta da dare, ba gigin tsufa ba ce. Jiki ne ke da matsala, kamar ciwon mafitsara, ciwon huhu, bushewar jiki ko gubar magani, kuma a ranar za a kai shi asibiti. Ƙodar tsoho ba ta aiki kamar da, don haka adadin litiyam da ya ɗauka lafiya yana ɗan shekara 40 yana iya yi masa yawa yanzu. Tsofaffi da dama ana barinsu a ƙasa-ƙasa, daga 0.4 zuwa 0.8, kuma suna iya nuna alamun guba a lambar da ga matashi daidai take. Artane da magungunan barci kuwa sun fi cutar da tsofaffi nesa ba kusa ba.

Idan a hankali abin ya zo, ku lura da kamanninsa. Mai damuwa shi ne ke kukan mantuwa da bakinsa, yana yawan cewa "ban sani ba", in an tuna masa yana tunawa, kuma abin yana sauƙi idan ransa ya sake. Mai gigin tsufa sau da yawa bai san yana mantawa ba, yana cike giɓi da zato, tunatarwa ba ta taimaka masa, yana ɓata a hanyar da ya sani, lissafin kuɗi da ya saba yana gagararsa, kuma kowace shekara ta fi ta baya muni ko ransa a kwance yake. Wanda ke zaune da Baba ya raka shi wurin likita da misalai da kwanan watansu. Za a yi gwajin jini, da gwajin MoCA mai maki 30 da ke ɗaukar kamar minti 10, a maimaita bayan wata shida zuwa shekara don a ga ko yana sauka, wani lokaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Kada tsoron gigin tsufa ya sa a cire masa litiyam. Manyan binciken da aka yi a Denmak sun nuna waɗanda suka daɗe suna shan sa ba su kai sauran masu ciwon yawan kamuwa da gigin ba. Wannan bai tabbatar da cewa litiyam riga-kafi ne ba, amma ya isa ya kwantar da hankali. Ku kuma kula da hawan jininsa, sugansa da jinsa, don kurumta kaɗai tana sa tsoho ya riƙa maimaita tambaya. Ga sauran masu karatu kuma: wanda maniya ta fara kamawa karon farko bayan shekara 50, dole a nemi wani dalili, kamar toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ko magungunan sitiroyid irin su prednisolone.

An ba ƙanwata shawarar jinyar lantarki saboda damuwarta ta ƙi jin magani, har ta daina cin abinci. Mun ji ana cewa tana goge tunanin mutum.

Jinyar da ake kira ECT ana yin ta ne bayan an sa wa mutum maganin barci da na sassauta tsoka, a aika ɗan lantarki na 'yan daƙiƙu ta fatar kai. Yawanci sau 6 zuwa 12 ne, biyu ko uku a mako. Ga wadda ta daina ci da sha, tana daga cikin abubuwan da suka fi saurin ceton rai.

Tana taɓa tunawa ta hanya uku, kuma gara ku sani tun yanzu. Akwai ruɗewar minti kaɗan zuwa awa bayan an farka. Akwai wahalar riƙe sabon abu a makonnin da ake jinyar, wadda ga yawancin mutane ke washewa cikin kamar mako biyu bayan an gama, wasu ma su fi yadda suke a da domin damuwar ta ɗaga. Ta ukun ita ce mai nauyi: mantuwar abubuwan da suka faru a makonni ko watannin da suka gabaci jinyar. Da yawa suna dawowa, amma wasu mutane sukan rasa wasu har abada, kaɗan daga cikinsu ma giɓin kan kai shekaru baya. Sanin kanta, iyalinta da sana'arta ba su ne ake rasawa ba.

Ana iya rage wannan ɓarna, don haka ku yi wa likitan tambayoyi kai tsaye. Za a sa wayoyin a gefen dama kaɗai ne ko gefe biyu? Na gefen dama mai gajeren bugu ya fi sauƙi ga tunawa, na gefe biyu ya fi saurin aiki amma ya fi taɓa ta. Za a iya yin sau biyu a mako maimakon uku? Za a gwada tunawarta kafin a fara da kuma a tsakiya? In tana shan litiyam, za a rage ko a ɗan dakatar, tunda haɗa su yana ƙara ruɗewa? Kafin ranar farko a taya ta rubuta lambobin sirri, basussuka da alƙawura a ajiye wuri amintacce, kuma kada ta yanke wata babbar shawara ko ta tuƙa mota sai likita ya ce.

Akwai ƙwayar ƙara kaifin ƙwaƙwalwa da zan iya saya?

Babu wani magani da aka amince da shi don mantuwar baifola. Magungunan gigin tsufa irin su donepezil ba su nuna amfani a nan ba. Masu zaburar da ƙwaƙwalwa kamar methylphenidate suna iya tayar da maniya idan aka sha su ba tare da maganin daidaita yanayi ba, don haka sai wanda likita ya tabbatar yana da lalurar rashin tsayar da hankali tun yarinta ake ba wa, a ƙarƙashin sa ido. Ganyen Saint John's wort da ake tallatawa don damuwa shi ma yana tayar da ciwon, yana kuma rage ƙarfin wasu magunguna. B12 yana taimakawa ne kawai ga wanda gwaji ya nuna ya rasa shi.

Ni ɗaliba ce. Ina karanta shafi sau uku ba ya zama, kuma abin takaici har maganin kansa nake mantawa in sha. Ina mafita?

Ɗiyata, fara da barci, don duk wata dabara a kansa take zaune. Ki tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum har ranakun hutu, ki nemi awa 7 zuwa 9. Kwanan zaune kafin jarrabawa ga wani gajiya ce kawai, gare ki kuwa hanya ce ta tayar da maniya, kuma abin da aka karanta a daren ma ba ya zama. Ki bar kofi da lemukan ƙara kuzari daga tsakar rana. In ana ce miki kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, musamman idan magani ya sa kin yi ƙiba, ki faɗa wa likita, domin wannan ma yana kawo mantuwa kuma yana da magani.

Maimaita karanta shafi yana sa ido ya saba da shi har ki zaci kin iya. Abin da ke zaunar da karatu shi ne ɗaukowa. Ki karanta sakin layi biyu ko uku, ki rufe littafin, ki faɗi abin da ke ciki da bakinki ko ki rubuta, sannan ki buɗe ki ga abin da ya tsere. Ki sake gwada kanki gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Minti 25 na karatu da hutun minti 5, waya a wani ɗakin. Ki gano lokacin da nauyin magani ke sakinki ki ajiye darasi mai wuya a nan. Ƙwaƙwalwar kowa ba ta riƙe fiye da abu huɗu ko makamancin haka a lokaci guda, don haka dogon aiki a yanka shi a rubuta matakansa. Da takardar likita, makarantu da yawa suna ƙara lokacin jarrabawa ko su yarda a naɗi darasi, kuma neman wannan ba abin kunya ba ne.

Don harkokin yau da kullum ki riƙe wurin rubutu guda ɗaya tak, littafi ko waya. Masu rubutu a wuri biyar suna komawa neman inda suka rubuta. Duk alƙawari a shigar da shi a gaban mai maganar, ki maimaita masa da baki, ki duba littafin safe da dare. Makulli da katin shaida su samu mazauni ɗaya. Irin waɗannan dabaru ne likitocin Basalona a Sifen suka tara a wani shiri na zama 21, ɗaya a mako, kuma waɗanda suka bi shi sun fi iya tafiyar da aiki da harkokin gida. Tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako tana taimakon barci da yanayin rai. Giya da wiwi kuwa suna rusa duk wannan.

Maganar shan magani, ki sayi akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai, ki cika shi rana ɗaya a mako, ki ajiye shi kusa da buroshin haƙori inda yara ba sa kaiwa. Amfaninsa shi ne yana amsa tambayar "na sha ko ban sha ba", wadda ke sa mutane shan biyu. Ki sa ƙararrawar waya, kada ki kashe ta sai ƙwayar ta wuce maƙogwaro. Ki tambayi likita ko za a mayar da magungunan sau ɗaya a rana, don litiyam da wasu da dama suna yiwuwa a haka, wasu kuma kamar aripiprazole suna da allurar wata-wata. Idan kin tsallake litiyam har lokacin na gaba ya kusa, ki bar wanda ya wuce, kada ki ninka. Lamotrigine kuwa yana da tasa ƙa'idar: in kin yi kamar kwana biyar a jere ba ki sha ba, kada ki koma kan adadin da kike sha. Ki kira likita a sake farawa daga ƙarami ana ƙarawa a hankali, domin komawa babban adadi kai tsaye yana iya jawo ƙuraje masu saɓule fata waɗanda ke kai mutum gadon asibiti.